Soso Biyu da Ruwan Gishiri

Shekara ashirin da bakwai ina kama wuta a masaƙar Kakuri,
ni Tanimu, mai fulaya a aljihu, tasta a bayan kunne.
Sau uku ta wurgo ni daga kan tsani,
sau uku na miƙe na kaɗe wando.
Yau ga ni a kujerar roba,
yarinyar da na yi jika da ita
tana auna goshina da tef
kamar za ta ɗinka mini hula.

Gishirin da suka hana ni a miya
shi suka jiƙa soso biyu da shi,
suka ɗaure mini a ka.

Na ce, Likita Yashim, nawa za ku sakar mini?
Ta ce, 'yar kaɗan ce, Baba,
ko ƙwan tocila ba za ta kunna ba.
Na yi dariya,
ta farko tun sadakar arba'in ɗin Hassu.

Tun da ta tafi, gidan ya koma ɗakin inji
ranar da aka busa tashin ƙarshe:
komai yana nan, ba abin da ke juyawa.
Tuwo ya huce a kwano, ya kwana, ya zama na kaji.
Abokan dara suka yi sallama har suka gaji.

Na ce musu zuciyata ce ba lafiya.
Suka naɗa mini robar awo a dantse,
ta matse, ta yi ajiyar numfashi, ta saki.
Ɗari da saba'in bisa ɗari.
Suka ce gaskiyarka.
Na ce ba waccan nake nufi ba.
Likita ta ce, ai maƙwabta ne, katangarsu ɗaya,
in hayaƙi ya tashi a wannan gida
wancan ma sai ya yi tari.
Ashe da muka raɗa musu suna ɗaya
ba ƙarancin kalma ba ne.

To me ya kai ku ka?
Ta ce, kai da ka san waya,
in ƙwai ya ƙi kamawa a ɗaki
ba akwatin fis kake fara buɗewa ba?

Minti ashirin.
Da fari kamar kiyashi na neman hanya a gira,
sai ɗan ƙaiƙayi, sai shiru.
Ba allura, ba aska, ba ɗigon jini.
Ruwan Agusta na dukan kwano,
ina ƙirga tsagar da ke jikin silin
ina cewa wanda ya ja wayar nan ya ci kuɗin banza.

Tun ranar sa hannu ta gaya mini ba ɓoye:
gwaji ne, Baba.
Wasu wutar za ta bi su har ƙarshe,
wasu ta gaishe su kawai ta koma,
kuma ni kaina ban san naka ba.
Ka ji fa.
Ni da nake gane waya mai rai da bayan yatsa,
an ɗaura mini a ka, na kasa shaida.

Mako na uku, a bayan Keke, kan gada,
na ga kogin ya ciko, ja wur, yana jan reshe,
wani mai kwalekwale yana yi masa gardama.
Wata nawa ina ƙetare shi ban duba ba?
Na sauka tun kafin layinmu na ƙarasa da ƙafa.
Da la'asar na zaro fankar Hassu daga ƙarƙashin gado.
Kwandansa ce kawai ta mutu.

Jiya robar ta ce ɗari da hamsin.
Ƙwayar safe ce, ko tafiyar ƙasa,
ko soson nan biyu,
ko kuwa samun wanda zai ce ya ka kwana
ya kuma tsaya jin amsa?
Mai wuta ba ya rantsuwa
a kan wayar da bai gwada ba.

Fankar dai tana juyawa.
Tana ɗan ƙara a lamba uku.
Gobe zan sa mata mai.